Fulogai Takwas a Kwalin Ƙwai

Hayneville, Alabama
3 ga Maris, 1997

Yaya Hosea,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Renita. Na san da ka ga rubutun bayan ambulan za ka ce, "Kurman nan me kuma yake nema?" To, nema nake yi, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ke nan ba mu yi magana ba. Ko ranar jana'izar ƙanwarka Ozella hannu kawai muka yi, kowa ya kama gabansa. Da waya zan buga maka, amma kunnen ya ƙarasa tafiya. Bara ma na sa aka cire wayar, don ba na sanin tana ƙara sai in na ga kare ya ɗaga kai.

Maganar motar Ozella ce, baƙar nan mai ƙofa biyu da silinda takwas da ka gani a ƙofar gida. Da ita take zuwa aiki kicin ɗin asibiti, kuma ka san ƙafar ƙanwarka a kan totur, 'yan sandan hanya uku sun san ta da suna. Tun da ta rasu motar ke lulluɓe, shekara biyu. A watan Janairu na yaye tamfol don in ɗuma injin, sai na tarar da alewarta ta na'a-na'a a wurin zuba tokar taba, kujerar kuma a matse gaba yadda ta bar ta. Ban matsar da ita ba. Haka nake tuƙi, gwiwoyina suna gugar sitiyari.

Na fara zagawa da ita gari. Ran nan a shagon aski Booker Askew ya yi ta magana yana nuna ni, mutane suna dariya. Na ce, "Askew, in zagi ne ka rubuta, kada ya tafi a banza." Ya jawo takardar goge baki ya rubuta: "Motar matarka ta fi ka zuciya." Na ninke na sa a aljihu, na ce masa mu haɗu mu yi tsere, Asabar ashirin da huɗu ga Mayu, filin Mista Dozier. Yadda aka saba, ba agogo, ba buɗe bonet, wanda ya riga tsallake layi shi ke nan.

Motarsa ta fi tawa ƙarfi, ba sai an faɗa ba. Dole in sa kwalba, ta iskar nan da ake fesa wa inji ya ƙara ƙarfi. A nan na tsaya cak, domin wannan ba irin namu na dā ba ne. Ba ta da kafireta, nozul takwas gare ta da wata ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin dashbod wadda ke raba musu fetur. Masu sayar da kaya sun ce iri biyu ne. Akwai jiƙaƙƙe, wanda ka sani, iskar kwalba da ƙarin fetur su fita tare ta baki ɗaya su bi maƙogwaron inji. Akwai kuma busasshe, a fesa iskar ita kaɗai, a bar famfo da nozul su ƙara fetur da kansu. Samarin fili duk busasshe suke yabo. Sun ce maƙogwaron wannan injin dogo ne mai lanƙwasa, iska aka yi shi ya ɗauka, in ka zuba masa fetur sai ya kwanta a kwana ya jira wuta.

Ni kuma ba na jin inji yanzu, Yaya. Da can in ya fara ƙwanƙwasa nakan ji tun kafin ya yi ɓarna, in ɗaga ƙafa. Yanzu sai dai ya narke ina murmushi. Kuma injin nan guda ɗaya ne, shi ne wanda ta yi ta tuƙawa. In ya tafi ba ni da wani abin nata mai motsi a gidan nan.

Shekara ashirin da biyu kana saita mini inji ina tuƙawa. Ban san wanda zan tambaya ba in ba kai ba. Jiƙaƙƙe ko busasshe? In ka ga dama ka amsa da kalma ɗaya, zan gane.

Ka gaida Renita. Ubangiji ya kiyaye ku.

Naka,
Verdell Maddox

Toledo, Ohio
14 ga Maris, 1997

Verdell,

Na sami wasiƙarka, na kuma amsa gaisuwa. Muna lafiya, godiya ga Ubangiji. Rubutun Renita kake gani, hannuna yana damuna da sanyin nan.

Jiƙaƙƙe. Tun da ka ce kalma ɗaya, ga ta nan.

Amma zan ƙara, don na san ka. A jiƙaƙƙe jet biyu ne a hannunka, 'yan ramukan da ke auna abin da zai shiga, na iska da na mai, kai ka zaɓa, kai ka ɗaura, ka san abin da ka ba inji. A busasshe ka buɗe wa inji iska sannan ka koma kana addu'a wani famfo mai shekara takwas da ba ka taɓa gani ba ya tuna da kai. In ya gaza ba zai aiko maka da takarda ba. Fistin zai narke kamar kitse a kasko.

Na san abin da ke hana ka. Ranar da tsohuwar motarmu ta yi aman wuta a kan layi, bonet ya tashi, hannunka ya ƙone, ka tsaya gaban mutum ɗari biyu ka ce Hosea Tarver ya cika wa inji mai. Ban amsa maka a ranar ba saboda Ozella tana tsaye. Yau zan amsa. Ba jiƙaƙƙe ne ya ƙone ka ba, ba kuma ni ba ne. Ka danna maɓallin kwalba tun inji bai ɗauki juyi ba, na ji da kunnena daga inda nake. Wannan ke nan, ba zan sake ɗaga maganar ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka fara da ƙaramin jet. Tun da kunne babu, fulogi ne zai faɗa maka gaskiya. Ka san doka, ba sai na koya maka ba: sababbin fulogai, gudu ɗaya da ƙarfi, kana tsallake layi ka kashe inji, ka gangara, ka cire su a can. Ka sa wa kowanne lamba ka aiko mini.

Askew ɗin nan, ɗan Lucius ne? In shi ne, ubansa ma baki ne da shi, ba ƙafa.

Ka huta lafiya.

H. Tarver

Hayneville
8 ga Afrilu, 1997

Yaya Hosea,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarka ta zo, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, na sake karantawa a kicin, sannan na karanta wa kare. Shi ma ya ce har yanzu ba ka iya sassauta magana ba. I, ɗan Lucius ne.

Kada ka yi fushi, busasshe na ɗaura. Na je shagon kayan mota a Montgomery da niyyar bin maganarka. Mai shagon ya ajiye kwalaye biyu a kan kanta, na ɗora hannu a kan jiƙaƙƙen, sai na ga tabon ƙunar nan daga wuyan hannu zuwa gwiwa, na janye hannun. Mutumin ya yi kamar bai gani ba. Ni dai ba zan iya zuba fetur a maƙogwaron motar Ozella ba, ko da kai ne da gaskiya. In ta kama wuta, kujerar da alewar da komai za su tafi. Na ce gara in yarda da famfon.

Kwana huɗu na yi ina aikin. Kwalbar tana but, na bi da bututu ta ƙarƙashi yadda ko Askew ya kwanta a ƙasa ba zai gani ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙaramin aikin da ke son hannu uku. Sau biyu na ce "riƙe nan" kafin in tuna ba kowa a garejin.

Asabar da rana na kai ta gwaji. Filin yana nan yadda ka bar shi, sai dai Mista Dozier ya tsufa har ya rage tsawo, kuma Sista Earline ta bar suyar tarwada, jikarta ke yi, garin masarar ba ya kama jikin kifin. Rabin mutanen ban san su ba. Waɗanda na sani sukan zo su dafa kafaɗata su yi ta motsa baki, in yi ta gyaɗa kai har su gaji su tafi. Wani ya ce mini wani abu na ce "Madalla," ashe rasuwar uwarsa yake faɗa mini.

Amma Yaya, da na saki iskar farko ta bututun gaban gilashi, farin hayaƙin nan ya tashi sama, sai na ji kamar an cire mini shekara ashirin. Na shiga giya ta biyu na danna, motar ta manna ni da kujera. Ba na jin ƙara amma ina ji a haƙora. Bishiyar gyaɗar-sama da ke can ƙarshen fili har yanzu tana nan, inda Ozella ke jiran mu da akori-kura da igiyar ja. Da na wuce ta ban duba wajen ba.

Ga fulogai nan takwas a kwalin ƙwai, na cusa jarida a sauran ramuka huɗun. Lambar kowanne tana ƙarƙashinsa. A idona sun yi duhu-duhu, amma ni direba ne, karatun fulogi naka ne. Matar gidan waya ta girgiza kwalin ta rubuta mini, "Ƙwai ne?" Na ce mata i, na kazar ƙarfe.

Sai na ji daga gare ka. Ina gaida Renita, rubutunta ya fi naka kyau nesa ba kusa ba.

Naka,
Verdell

Toledo
21 ga Afrilu, 1997

Verdell,

Gaisuwa. Kwalin ya iso lafiya.

Ka tambayi shawara ka kuma ƙi bi, wannan halin na san shi tun kana neman auren ƙanwata. Tun da ka ɗaura, an ɗaura.

Na duba fulogan. Launinsu na ɓawon burodin masara ne da ya ɗan wuce a wuta, har da baƙi-baƙi a baki. Mai ya wadace shi, ya ma yi masa yawa kaɗan. Famfon ya fi yadda na zata. Ka hau jet na gaba a girma, mataki ɗaya tak, ka sake gudu ka aiko. Kada ka gasa kwalba da wuta don iska ta ƙara ƙarfi, in ka ga samari suna yi ka matsa nesa da su. Ka bar ta a rana ta wadatar.

Nan ƙanƙara ta narke sai laka. Renita takan fita aiki tun safe, ni kuma ina zaune bakin taga, ina jin motoci suna wucewa ina faɗa wa kaina wadda ke buƙatar gyara. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni. Kwalinka ne abu na farko mai warin fetur da ya shigo gidan nan. Renita ta ce in fitar da shi baranda, na ce gidan ubanta ne.

Kada ka ba karen nan ƙashin kaza.

H. Tarver

Hayneville
13 ga Mayu, 1997

Yaya Hosea,

Gaisuwa da fatan alheri. Na hau jet ɗaya kamar yadda ka ce, kuma yanzu ko ba agogo na san Askew yana cikin matsala. Ranar Asabar ya bar motarsa ya zo ya tsaya jikin shinge yana kallona, hannu a aljihu. Da na wuce ta gabansa na nuna masa takardar goge bakin nan ta taga.

Ga kwali na biyu. Su ma sun yi duhu kamar na farko, har ina tunanin ko in ƙara hawa, amma ba zan taɓa ba sai ka ce. In amsarka ba ta iso kafin ashirin da huɗu ba, a haka zan yi gudun.

Akwai maganar da na yi shekara tara ina bin ta gefe. Ka ce ba za ka sake ɗagawa ba, to ni zan ɗaga. Gaskiya ka faɗa. Na danna da wuri. Na ga abokin tserena ya fita gabana, babban yatsa ya riga hankali. Tun ina kwance a ƙasa ana kashe mini wuta na san haka, amma na tashi na ga ido ɗari huɗu a kaina, sai na nemi wanda ba zai rama ba. Ozella ta sani. Duk Kirsimeti takan ajiye kati da biro a gabana ta ce, "Rubuta wa yayana." In ce badi. Na raba ta da kai shekara bakwai, ta mutu ba ta ga mun zauna teburi ɗaya ba. Ka yafe mini, Yaya. Kunyar abin ta fi ƙunar zafi.

Abin dariya kuma, yanzu sun sa mini suna a fili, wai Saniyar Dozier, don duk wanda ya yi gudun gwaji akwai mai bin sa da mota ya jawo shi, ni kuwa da kaina nake juyowa in dawo rumfa a hankali ta hanyar gefe, kamar saniya mai komawa garke da kanta. Ka san da nisa, ga layin motoci, sai in yi minti goma inji yana tafasa a tsaye kafin in kai rumfa in cire fulogan. Na san ba haka ka koya mini ba. Amma in na kashe a can wa zai jawo ni? Ba na so in roƙi yaran da ban san sunan iyayensu ba, su amsa ban ji ba. Na ce ai bambancin ba zai yi yawa ba.

Na dafa wake da ganye jiya, na sake yin na mutum biyu. Kare dai yana ƙiba.

Naka,
Verdell

Toledo
Alhamis, 22 ga Mayu, 1997

Kawu Verdell,

Ni ce Renita, kuma yau da bakina nake magana, ba da na Baba ba. Ina gaishe ka, amma ka yi haƙuri gaisuwar gajera ce.

Kada ka yi gudun nan ranar Asabar. In kuma dole ne, ka rufe kwalbar.

Kwalinka sai jiya ya iso. Ina karanta wa Baba wasiƙar, da na zo wurin neman gafara ya juya fuska bango. Da na zo wurin Saniyar Dozier ina dariya, sai ya miƙe har kofi ya zube. Ya ce, "Sake karanta mini nan." Na sake. Ya ce, "Wawan nan dawowa yake yi da inji a kunne. Minti goma. Hayaƙin tsayuwa ne ya shafa musu baƙi, ba mai ba ne. Ƙarya fulogan ke yi, ni kuma na sa hannu a kan ƙaryar."

Kawu, Baba ba ya gani. Ciwon suga ya cinye idon shekara uku ke nan, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ranar jana'izar Gwaggo Ozella ma da ya ba ka hannu ya wuce, ba ƙiyayya ba ce kaɗai, ba ya so ka lura ina riƙe da gwiwar hannunsa. Hannunsa lafiya lau. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa maka ba. Na ce, "Baba, ran mutum ne fa." Ya ce, "In ya san ba na gani, me zai aiko mini?" Kwalin farko ni na duba. Ya ce wane launi, na ce kamar ɓawon burodin masara, ya shinshina, ya shafa da yatsa, ya ce rubuta. Ni ma'aikaciyar ɗakin magani ce, me na sani a fulogi?

Jiya ya sa na aro gilashin ƙara girma wurin maƙwabciya, na kunna tocila, ya ce in leƙa can ciki, jikin farin tangaran ɗin, ƙarƙashin baƙin. Na ce ina ganin ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masoro, wasu suna ƙyalli. Ya ce wace lamba. Na ce bakwai ta fi, sai biyar. Ya ce ƙugiyar ƙarfen da ke sama fa, bakinta da kaifi ko ya dakushe? Na ce na bakwai ya zama kamar an tsotsi alewa. Ya ce in ɗauko kwalin farko. Shi ma akwai, kaɗan. Sai ya zauna ya ce, "Fistin ɗin Ozella ne kike gani. Tun a jet na farko yake narkewa, ni kuma na ce ya ƙara." Ban taɓa ganin ubana yana kuka ba sai jiya, ko da Mama ta rasu.

Na buga wayar filin Mista Dozier sau shida ba a ɗauka ba. Na buga cocinku, aka ce fasto ya tafi taro sai Lahadi, na bar saƙo wurin wata da ba ta san ka ba. Wannan wasiƙar ta gaggawa zan aika, sun ce Asabar za ta shiga hannunka. Ina roƙon Allah ta riga ka fita.

Baba ya ce in rubuta cewa maganar gafara ta wuce tun tuni, shi ne yanzu mai nema.

'Yarka,
Renita

Hayneville
27 ga Mayu, 1997

Yaya Hosea, da 'yata Renita,

Ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu, ku fara da wannan.

Wasiƙar ta zo Asabar kamar yadda suka ce. Na same ta a maƙale jikin ƙofa da yamma, bayan an jawo mini motar har gida.

Ƙarfe uku aka kira mu. Rana ta gasa kwalbar daidai. Askew ya zo ya leƙo ta taga, ya ga gwiwoyina a jikin sitiyari, ya buɗe baki zai yi tsiya sai ya fasa. Muka jera. Mai ba da hannu ya sauke hannu, na fita tsaf, na jira inji ya ɗauki juyi kafin in danna, Yaya, wannan karon na jira. A rabin fili ina gabansa da tsawon mota guda. Ina ganin bishiyar tana matsowa. Sai na ji wani abu a tafin ƙafa, kamar an taka tsakuwa, motar ta saki ƙarfi, madubi ya cika da farin hayaƙi. Askew ya wuce ni kamar ina tsaye. Na kashe inji na gangara, ta je ta tsaya da kanta a ƙarƙashin bishiyar, daidai inda akori-kurar ke tsayawa. Ga shi dai a ƙarshe na bi dokarka, na kashe a kan layi na cire a can. Lamba bakwai ba ta da ƙugiya ma gaba ɗaya.

Daga nan na zauna. Kowa ya saba Saniyar Dozier da kanta take dawowa, don haka ba wanda ya taso. Askew ya juya ta hanyar gefe ya tafi karɓar tafi. Ina ganin motoci bibbiyu suna zuwa suna juyawa, direbobi suna ɗaga mini hannu, sun zaci hutawa nake. Ni kuma na kasa ɗaga nawa in ce ku zo. Na fi awa ɗaya a wurin. Na buɗe wurin toka na ɗauki alewa ɗaya na sha, ta yi laushi, ɗanɗanon ya kusa fita. Saura uku. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan awar ba, har da ranar da na dawo daga maƙabarta, don ranar akwai mata a kicin.

Wanda ya zo daga baya Askew ne, da igiya. Bai rubuta komai ba, ni ma ban ce ya rubuta ba. Ya jawo ni har gida, ya tura motar gareji tare da ni, ya cire hula ya tsaya kaɗan ya tafi.

Injin ya tafi. Na haska ta ramin fulogi na ga rami a kan fistin, kuma akwai ruwa a cikin baƙin mai. Ban san ko gangar injin za ta gyaru ba. Ban buɗe ba, na kasa.

Yaya, kada ka ɗauki wannan kai kaɗai. Ka ce jiƙaƙƙe na ƙi. Ka ce in kashe a layi na ƙi, don kada a ga ba ni da kowa. Kai ka ɓoye ido, ni na ɓoye wannan, motar Ozella ce ta biya. Da Ozella tana nan da ta haɗa kawunanmu ta gwara.

Tambayarka da Renita ta rubuto, wai me zan aiko maka in na sani. Ban sani ba. Yanzu ba ni da fulogin aikowa ko da kana gani. Tun Asabar nake zaune da biro ina neman dalilin da zai sa in sake rubuto muku bayan wannan, ban samu ba.

Ubangiji ya sa albarka, Renita. Kin yi abin da ya kamata.

Naku,
Verdell

Toledo
5 ga Yuni, 1997

Verdell,

Gaisuwa. Da hannuna na rubuta wannan, Renita ta ɗora mini rula. In layi ya hau layi ka yi haƙuri.

Kada ka buɗe injin. Ba ka iya jera ƙusoshi ba, kullum sai ka ɓatar da biyu. Tsagewar ganga da yatsa ake ji, da kuma ƙarar guduma, ba da ido ba. Renita za ta sa ni a bas ranar Laraba sha ɗaya ga wata, in sauka Montgomery Alhamis ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ta ce in tambaya ko akwai ɗaki. Ban sayi tikitin dawowa ba tukuna.

Hosea

Hayneville
7 ga Yuni, 1997

Yaya,

Gaisuwa. Akwai ɗaki, na share. Ban taɓa injin ba. Maganar jiƙaƙƙe da busasshe na bar ta sai ka zo mu yi faɗan a teburi.

Tashar tana da hayaniya da cunkoso. In ka sauka kada ka kira sunana, ba zan ji ba. Kada kuma ka yi ta lalube kana nemana. Ka ajiye jaka ka tsaya wuri ɗaya kawai, kada ka motsa ko an daɗe. Zan zo in jawo ka.

Naka,
Verdell